Daga Masana'anta Zuwa Kemis ɗin Kura: Hannu Nawa Magani Ke Bi?

A Kura da Bunkure da Garun Malam ruwa ba ya yankewa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewaye, manomi ya samu abin da kakanninsa ba su samu ba: shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Sai dai ruwan da ke raya shuka shi ne kuma ke raya sauro. A garuruwan da babu noman rani, zazzaɓin cizon sauro kan lafa bayan kaka. A nan kuwa sauro na samun kwancin ruwa har tsakiyar bazara. Yaran da ke wanka a magudanai sukan kwaso tsargiya, cutar fitsarin jini da katantanwar ruwa ke ɗauke da ƙwayarta. Saboda haka kuɗin magani a gidan manomin wannan yanki kashewa ce ta kullum, kamar kuɗin taki da na feshi.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wa ke yanka wa maganin nan farashi? Mai kemis na bakin kasuwa ake gani, shi ake yi wa ƙorafi, amma shi ne na ƙarshe a dogon layi. Mafi yawan maganin da ake sha a Nijeriya daga waje yake zuwa, musamman Indiya da Sin, kuma ko wanda ake haɗawa a gida, akasarin sinadaransa shigo da su ake yi. Daga masana'anta sai kamfanin da ya yi oda, ya biya jirgin ruwa da kuɗin fito a tashar Legas. Daga nan sai babban dila, sai mai sari a Kano, wani lokaci sai ƙaramin mai sari da ke yawo da kaya a mota ko a babur, kafin ya sauka a kantar mai kemis. Kowa a cikinsu yana da haya da kuɗin mota da bashin da ba a biya shi ba, kuma kowa sai ya ɗora ribarsa a kan ribar na gabansa.

Manomin tumatir ya san wannan lissafi sarai. Kwandon da ya sayar da arha a Kwanar Gafan, kafin ya kai kasuwar Legas ya bi ta hannun dillali da mai lodi da mai mota, farashinsa ya ninka. Magani ma haka yake, sai dai shi gangarowa yake yi, kuma manomin ne a ƙarshen layin, shi ke biyan ribar kowa.

Wannan tsari ya daɗe. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO da Paterson Zochonis, da UAC wadda aka kafa a 1929, su ne suka riƙe ƙofar shigo da kaya. Su ke odar atamfa da gishiri da kananzir da magani daga Ingila da Faransa, su bai wa Kwara, wato 'yan kasuwar Labanan, da manyan attajiran birni, yawanci bashi, su kuma su sayar wa 'yan koli masu bin kasuwannin ƙauye. Kwinin da sauran ƙwayoyin Bature ta wannan hanya suka shiga karkara. Kamfanin May & Baker ya buɗe reshe a Legas a 1944 don sayar da magungunan da uwar kamfanin ke yi a Ingila. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar koyar da haɗa magani a Zariya a 1930, amma waɗanda ta yaye ma'aikatan asibiti ne, ba masu shigo da kaya ba.

A wancan zamani duk kantin da ya iya rubuta oda kai tsaye zuwa masana'anta yana iya karya farashi, domin ya tsallake hannu ɗaya ko biyu. Shi ya sa manyan kamfanoni suka tsare wannan ƙofa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa ba da izinin shigo da kaya gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya saba shigowa da shi a baya, wato wanda bai taɓa yi ba babu rabonsa. Ɗan ƙasa ya zama ɗan sari a kasuwar garinsu. Tsadar da ta biyo baya ce ta sa a farkon 1948 mutanen Ankara, a ƙasar da yau ake kira Gana, suka ƙaurace wa kayan kantunan Turawa. Darasin a bayyane yake: wanda ya riƙe ƙofar shigowa shi ke yanka farashi, kuma yawan hannuwa yawan tsada.

Turawa sun tafi, dogon layin dillalan bai tafi ba, kuma 'yan shekarun nan sun ƙara masa nauyi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, ya koma sayarwa ta hannun dila, sai magungunansa suka yi wuya suka yi tsada. A Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin ɗage haraji da kuɗin fito daga kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Mataki ne mai kyau, amma sauƙin da aka yi a tashar ruwa ba ya isa Bunkure sai in masu tsakiya sun bar shi ya wuce.

Abin da tsada ke haifarwa a ƙauye ya fi ramin aljihu muni. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Uban da kuɗinsa bai kai ba sai ya ce a ba shi na kwana ɗaya, ko ya raba na yaro guda ga yara biyu. Zazzaɓi ya lafa, ya dawo, ƙwayar cutar kuma ta fara sabawa da maganin. Wani sai ya nemi mafi arha, a nan ne jabu ke samun kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Arha ba ta ado, in ji Hausawa, balle a kan abin da za a zuba wa yaro a baki. Don haka rage hannuwa kaɗai bai isa ba. Dole a san asalin abin da aka saya.

A nan Kano tana da abin farawa. An gina cibiyar sarin magunguna ta Kanawa a Ɗangwauro, a kan titin Zariya, titin da ɗan Kura ke bi in zai shiga birni. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar kula da harkar magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari, don masu sari su koma can inda za a iya duba kaya da yadda ake adana su. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna a sabon wurin, kuma kukan abin saurare ne, domin duk hayar da ta yi yawa majinyaci ne zai biya ta. Akwai kuma hukumar jiha mai sayen magunguna da yawa tana raba wa asibitocin gwamnati bisa tsarin jari mai juyawa, wanda ya samo asali daga shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka yanke a Bamako a 1987: a sayar da ɗan ƙaramin ƙari, a mayar da kuɗin a sake sayo wani. In aka riƙe amanar jarin, tsarin yana tsallake dillalai da dama. In aka cinye shi, sai a koma rubuta wa majinyaci takarda ya tafi waje.

Mutanen Kura da Bunkure ba sai sun jira an kawo musu gyara ba. Masu kemis na ƙaramar hukuma guda za su iya haɗa odarsu, su saya a dunƙule daga mai lasisi ko daga masana'anta, su samu ragin da ɗayansu ba zai samu shi kaɗai ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noman rani, waɗanda suka saba tara kuɗin gyaran magudanai, suna da bakin da za su nemi a liƙa farashin magani a bangon kowane asibitin gwamnati, a kuma riƙa karanta lissafin jarin a gaban kwamitin unguwa. Maganin tsargiya da ake raba wa 'yan makaranta kyauta ne, haka ma na rigakafin zazzaɓi da ake bai wa ƙananan yara da damina. Iyaye su san haka, kada kowa ya karɓi ko sisi a kansu. Yankin da ke ciyar da Nijeriya da shinkafa da tumatir ya cancanci a ce uba ya shiga kemis ya fito da cikakken maganin ɗansa, mai inganci, a farashin da guminsa zai iya biya.