Ko Kun Sani?

Ruwan sanyi ƙarau da ake kwara wa yaro mai zazzaɓi ba ya saukar da zafin. Rawar ɗari yake sa shi, ita kuwa rawar ɗari ƙara ɗumama jiki take yi. Gara a rage masa tufafi, a yawaita ba shi ruwa ko nono, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Asfirin kam ba na yara ba ne, domin yana iya jawo musu cutar da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Kuma ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba, ko da tsakiyar damina ce. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a sha maganinsa. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako.

Jaririn da bai kai wata 3 ba, da zarar zafinsa ya kai digiri 38, sai asibiti. Haka yaron da ya fara jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya ƙi nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha. Iyaye, kada ku jira gari ya waye.