Ƙwallo ɗaya, taurari uku: Yadda Lakers ta wargaza tawagar da ta ci mata kofi

A ranar 11 ga Oktoban 2020, Los Angeles Lakers ta doke Miami Heat da maki 106 da 93 a birnin Orlando, ta ɗauki kofin gasar NBA karo na 17. Bayan wata 18 kacal, ƙungiyar ta kammala kakar 2021/22 da nasara 33 da shan kaye 49, ta zo ta 11 a ɓangaren Yamma, aka kuma sallami mai horarwa Frank Vogel, wanda a hannunsa aka ci kofin. LeBron James da Anthony Davis ba su je ko'ina ba. LeBron ma maki 30 yake ci a kowane wasa a wannan kakar. Waɗanda ke kewaye da su ne aka canja.

Mutum biyar ke shiga fili a ƙwallon kwando, ƙwallo ɗaya ce, kuma daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa. Saboda haka a kowane lokaci mutum huɗu ba su riƙe da komai, kuma darajar tawaga tana rataye ne a kan abin da waɗannan huɗun suke yi. LeBron ɗan wasa ne da ke son ƙwallo a hannunsa: ya kutsa zuwa kwando, masu tsaro su yi masa caa, shi kuma ya miƙa wa wanda aka bari shi kaɗai. Wannan salo yana buƙatar mutanen da za su tsaya can bayan layin maki uku, waɗanda abokin hamayya ke tsoron ya ƙyale su. Muddin mai tsaro yana manne da su, hanyar kwando a buɗe take.

Irin waɗannan mutane Lakers ta tara a 2020. Kentavious Caldwell-Pope da Danny Green suna jifa daga nesa, suna kuma tare 'yan wasan gefe. Alex Caruso, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin da ya fito daga jami'a, ya ƙware wajen takura wa mai riƙe da ƙwallo. A wasa na shida na ƙarshe, Vogel ya ajiye Dwight Howard a benci, ya fara da Caruso, ya mayar da Davis tsakiya. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Lakers tana da 64, Miami tana da 36.

Abin da ya biyo baya ba wauta ce tsagwaronta ba, ko da yake haka ake yawan ba da labarin yanzu. A kakar 2020/21 LeBron da Davis duk sun yi jinya, Phoenix Suns ta fitar da Lakers a zagayen farko, kuma LeBron yana dab da cika shekara 37. Hukumar ƙungiyar, ƙarƙashin Rob Pelinka, ta ga tana buƙatar wanda zai rage masa nauyi. Sai ta ɗauko Russell Westbrook daga Washington Wizards, ta ba da Caldwell-Pope da Kyle Kuzma da Montrezl Harrell da gurbin zaɓen sabon ɗan wasa guda. Westbrook ba kanwar lasa ba ne: shi ne gwarzon gasar na 2017, kuma watanni kaɗan kafin cinikin ya karya tarihin da Oscar Robertson ya kafa. Caruso kuwa aka bar shi ya tafi Chicago Bulls a kan kwantiragin shekara huɗu na kimanin dala miliyan 37.

Matsalar ita ce Westbrook aikin LeBron ya iya, kuma ba a raba ƙwallo biyu. Idan tana hannun LeBron, Westbrook yakan koma gefe ya tsaya, alhali ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na jifansa na maki uku ne ya shiga a wannan kakar. Mai tsaronsa sai ya ƙyale shi, ya koma ƙarƙashin kwando ya tare hanya. Idan kuma aka ƙara dogon ɗan tsakiya irin DeAndre Jordan, wanda shi ma ba ya jifa daga nesa, fili ya cushe ke nan. Idan ƙwallo ta koma hannun Westbrook, an mayar da mafi iya rarraba ƙwallo a zamaninsa ɗan kallo. Duk wanda ya taɓa zama a ma'aikatar da daraktoci biyu ke jiran fayil ɗaya ya san yadda ake ƙarewa.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ya fi na fili ɗaure hannu. Iyakar albashin da NBA ta sa wa kowace ƙungiya a wannan kakar dala miliyan 112 ce da ɗoriya, su ukun nan kuwa sun lashe kusan miliyan 120. Na Westbrook kaɗai ya haura miliyan 44. Dokokin gasar suna barin ƙungiya ta wuce iyakar, amma daga nan yawancin waɗanda za ta iya ɗauka masu mafi ƙarancin albashi ne. Haka aka cike gurabe da Carmelo Anthony da Trevor Ariza da Rajon Rondo da Howard, manyan sunaye da ƙafafunsu suka riga suka gaji. Ƙungiyar da ta fi kowa tsaron gida a kakar da ta gabata ta gangaro rabin ƙasa na jadawalin.

Masu kare cinikin suna kafa hujja da jinya, kuma suna da abin faɗa: wasa 21 kacal LeBron da Davis da Westbrook suka buga tare. Sai dai 11 suka ci a ciki, aka ci su 10. Tawagar da aka gina don kofi ba ta nuna alamar kofi ba ko a ranakun da take cikakkiya.

Sabon mai horarwa Darvin Ham ya mayar da Westbrook benci a farkon kakar 2022/23, wadda Lakers ta buɗe da nasara biyu a wasa 12. A Janairun 2023 aka kawo Rui Hachimura, a Fabrairu kuma aka tura Westbrook Utah Jazz, aka karɓo D'Angelo Russell da Malik Beasley da Jarred Vanderbilt. Babu wanda ya kama ƙafar Westbrook a suna cikinsu. Vanderbilt ma bai iya jifan nesa ba, amma ba ya neman ƙwallo, kuma shi ake ɗora wa ɗan wasan da ya fi haɗari a ɗaya ɓangaren. Lakers ta gama da nasara 43, ta fitar da Memphis Grizzlies, ta fitar da Golden State Warriors mai riƙe da kofi, ta kai wasan ƙarshe na Yamma.

A can Denver Nuggets ta share ta a wasa huɗu a jere, ta wuce ta ɗauki kofin. Cikin biyar ɗin da ke fara wa Denver wasa akwai Caldwell-Pope, yana tsaye a bayan layin maki uku yana jiran Nikola Jokić ya miƙo masa. Caruso ya ci nasa kofin na biyu a 2025 tare da Oklahoma City Thunder.