Tantance Sunan Ɗan Wasa: Ƙaramar Ƙofa Mai Bukatar Maigadi

A shekarar 1978 ne wani ɗalibin Jami'ar Essex ta ƙasar Ingila, Roy Trubshaw, ya fara tsara wasan kwamfuta mai suna MUD, daga bisani Richard Bartle ya faɗaɗa shi. Wasan rubutu ne zalla, babu hoto, kuma mutane da dama ke yin sa a lokaci guda. A irin waɗannan wasanni, kafin mutum ya shiga sai na'ura ta tambayi sunansa. Amsar da ya rubuta ita ce abu na farko da ke shiga manhajar daga waje, don haka wajibi ne a tantance ta.

Mai tsara wasa yakan duba abubuwa huɗu. Na farko, kada a bar gurbin sunan babu komai. Na biyu, kada sunan ya wuce tsawon da aka ƙayyade. Na uku, kada ya yi daidai da sunan wani ɗan wasa ko wata kalmar umarni. Idan mutum ya kira kansa "Arewa", na'ura za ta rikice tsakanin sunansa da umarnin tafiya arewa. Na huɗu, a san irin haruffan da aka yarda da su.

Batun tsawo ya fi sauran haɗari. Manhaja kan ware wa suna ɗan fili a ma'adanar na'ura. Rubutun da ya fi filin yawa sai ya malala ya danne bayanan da ke maƙwabtaka da shi. Irin wannan ɓaraka na cikin hanyoyin da tsutsar Morris ta bi a watan Nuwamba na 1988 ta gurgunta dubban kwamfutoci a Amurka. Umarnin gets na yaren C, wanda ba ya auna tsawon rubutu, shi ne sila, kuma an soke shi daga ƙa'idar yaren a 2011.

Sai dai tsanani ma yana da illa. Tsarin ASCII mai alamomi 128 ba ya ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, saboda haka wasan da ya tsaya a kansa zai ƙi sunaye irin su Ɗanladi ko Ɓaidu. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, yana da waɗannan haruffa. Ɗalibin da ke koyon tsara manhaja ya kamata ya jarraba wasansa da suna mai tsawon gaske, da gurbin da ba komai, da kuma suna mai harafi mai lanƙwasa, tun kafin ya miƙa shi ga abokansa.