Kada A Yar Da Kujera Don Mazauninta Ya Ɓurme

Duk wanda ya taɓa riƙe mabuɗin sito a majami'a ya san abin da ke jibge a ƙuryar ɗakin nan. Kujeru ne bisa kan kujeru, wasu na katako wasu na ƙarfe, ƙafafunsu huɗu lafiya lau, majingina ba abin da ya same ta, mazauni ne kawai ya ɓurme. Ikilisiyoyinmu na Jega da Aliero da Maiyama ba su tsira daga wannan hali ba. Amma da zarar an yi bikin godiya na kaka, sai ka ji kwamiti ya miƙe yana neman gudummawa domin a sayo kujerun roba dozin-dozin, alhali kuwa waɗancan suna can ƙura da gara suna rabon su.

Ba wanda zai ƙi gaskiya, kujerar roba tana da daɗin sha'ani. Ba ta da nauyi, ana ɗora goma wuri ɗaya, yaro ma zai kwashe su bayan an tashi sujada. To amma ba a yi ta domin ranar Jihar Kebbi ba. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, robar da ta sha wannan rana kuwa sai ta koɗe ta bushe, ran nan wani dattijo yana zama ƙafa ta ɓalle a tsakiyar wa'azi. Daga nan magana ta ƙare, don ba ta ɗoruwa. Abin mamaki ne a ce a ƙasar da mutane ke tahowa daga nesa domin masu ɗorin Aliero su gyara masu karaya, mu ne muka saba da kayan da ba su karɓar gyara.

Kayan gyaran kujera kuwa ba a nesa suke ba. Ga kaba, wato ɗanyen ganyen goruba, wadda iyayenmu ke saƙa tabarma da faifai da malafa da ita, suna kuma tufka igiya. Ga rama, wadda ake jiƙa karanta a ruwa har ɓawon ya saki, a wanke a shanya, a sami zare mai ƙarfin gaske. Ga ɓawon kuka da na kalgo. Ga gwangwalar tukurwa da ake gado da kujera da ita tun kaka da kakanni. Jega tana bakin Gulbin Zamfara, kan mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, kasuwarta kuma ta yi suna tun ƙarni na 19, saboda haka wanda bai iya tufka da kansa ba, ba zai rasa igiya ta saye ba.

Saƙar igiya ita ce ta fi dacewa da kujerar katako wadda mazauninta sanduna huɗu ne. Masaƙi yakan fara duba mahaɗan katakon, in sun yi lako-lako a kai wa kafinta ya sa gam ya ɗaure, domin saƙa a kan firam mai girgiɗi aikin banza ne. Sa'an nan a yayyafa wa igiyar ruwa ta yi laushi. Daga kusurwa ake farawa. A ɗora igiya bisa sandar gaba, a zagayo da ita ta ƙasa, a ɗora bisa sandar gefe, a ja ta zuwa kusurwa ta biyu, haka haka har a kewaye kusurwa huɗu a komo. Kowane zagaye ramin tsakiya yana ƙara tsukewa, har a rufe shi, sai ka ga zane ya fito kamar an haɗa alkyabba huɗu a cibiya ɗaya. Sirrin aikin yana wajen ja. Wanda ya ja igiya da ƙarfi a hagu ya sassauta a dama, kafin wata uku mazaunin zai karkace. 

Kujerar ƙarfe ta fi wannan sauƙi. Mai walda ya like inda ya tsage, a goge tsatsa a shafa fenti, sa'an nan a naɗe ta da igiyar roba mai launi-launi. Duk wanda ya taɓa ƙetarawa ta Kamba ya shiga Jamhuriyar Nijar ya ga irin waɗannan kujeru a ƙofar gidaje da wajen masu shayi. Ita ma igiyar rana tana cinye ta, amma ƙarfen yana nan, sai a warware a sake.

Akwai kuma saƙa ta uku, wadda ake gani a tsofaffin kujerun gidajen mishan da ofisoshin zamanin Turawa, mai ƙananan ramuka kamar raga. Da ɓawon kwagiri ake yin ta, wato karan nan na kurmi da ake sandar dogarawa da bulala da shi. Ba ya fitowa a ƙasarmu, daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, kuma a Legas unguwar Mende ta Maryland ta yi suna da wannan sana'a. Turawa ma aro suka yi. Daga ƙasashen Asiya fataken teku suka kai ta Ingila wajen shekarun 1660, daga baya wani kafinta mai suna Michael Thonet ya fito da wata kujera mai irin wannan mazauni a birnin Biyana a 1859, wadda kafin 1930 an sayar da kimanin miliyan 50.

Yadda za ka gane irin wannan kujera shi ne ka kifa ta, za ka ga jerin huji kewaye da firam. Ana jiƙa ɓawon kwagirin, a riƙa zura shi huji zuwa huji, gefen mai sheƙi yana kallon sama, ana toshewa da 'yan tsinke don kada ya zame. Layi biyu daga gaba zuwa baya, layi biyu daga hagu zuwa dama, sai kuma biyu a karkace masu gicciye juna, waɗanda su ne ke fitar da ramukan nan masu kusurwa takwas. A ƙarshe a bi baki da ɓawo mai faɗi a rufe hujin. Aiki ne na kwanaki, ba na yini ɗaya ba. Wanda ke da irin ta a gida ya riƙa shafa mata jiƙaƙƙen tsumma ta ƙasa lokacin hunturu, don iskar nan busar da ita take yi har ta tsage.

To, wa zai yi wannan aiki? A nan ne maganar ta shafi ikilisiya kai tsaye. Tun da daɗewa tufkar igiya sana'ar makafi ce a ƙasar Hausa, domin aiki ne da yatsa ke gani ba ido ba. A Turai ma saƙar kujera da ta kwando suna cikin manyan sana'o'in da aka riƙa koya wa makafi. Mishan ɗin SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953, da nufin kada rashin ido ya zama dalilin bara. Mu kuwa yau ɗan'uwa makaho yakan zo sujada a ja masa gora, a ba shi ɗan abin da ya samu a bakin ƙofa, ya koma gida sai wata Lahadin. Ga kuma gwauraye a Zumuntar Mata waɗanda hannunsu ya saba da kaba tun suna 'yan mata, ga samarin da suka gama sakandare suna zaman jiran aikin gwamnati. Littafin Ayyukan Manzanni sura 18 ya nuna mana Manzo Bulus yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskila a Koranti, bai kuwa ɗauki abin a bakin ƙasƙanci ba.

Sai dai akwai wata ɗabi'a tamu da za ta iya kashe abin tun bai tashi ba. In baƙo ne ya kawo kujerun roba, a take ake ƙirga masa kuɗinsa. In ɗan ikilisiya ne ya yi kwana uku yana saƙa, sai a ce masa aikin Ubangiji ne, Allah ya sa albarka. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai ƙara taɓa igiya ba. Dattawa su yi ciniki da shi tun kafin ya fara, kujera kaza kuɗi kaza, ma'aji ya rubuta a littafi kamar yadda ake rubuta kuɗin siminti.

Haka nan a yi hattara da kaba. Gorubar da ake yanke wa sabon ganye kowace shekara ba ta tashi ta zama itace, a tsugune take ƙarewa, ba 'ya'ya ba inuwa. Ikilisiyar da ke da fili gara ta shuka layin rama a gefen gonarta da damina, ta sami igiyarta ba tare da an taɓa goruba ba.

Ba kowace kujera ce kuma ta cancanci wahala ba. Wadda gara ta cinye cikinta, in ka ƙwanƙwasa ka ji tana amsawa kamar ganga, wannan ta murhu ce. Kafin a zauna taron kasafin kuɗin baɗi, sakataren ikilisiya da kafinta ɗaya su buɗe siton nan da rana, su fito da kujerun waje, su ware masu rai gefe ɗaya, su ƙirga su, su kawo wa dattawa lissafin.