Teburin da Muka Haɗa da Hannunmu

Jarrabawa ta ƙarato, ɗakinmu kuma ba teburin karatu, kullum muna duƙe a kan tabarma har baya ya riƙe. Sabon teburi ya fi ƙarfin aljihunmu, sai mu huɗu muka yi karo-karo, muka nufi 'Yan Katako a Na'ibawa. Muka sayo falankin katako da ƙusa, muka ari zarto da guduma wajen kafintan unguwa.

Teburin ya fito yana ɗingishi, domin ba mu auna ƙafafun ba. Kafintan ya yi dariya, ya miƙo mana tef. Muka daidaita su, muka shafe su da baƙin mai saboda gara.

Yanzu maƙwabtanmu sun ce mu haɗa musu kantar littattafai. Ku ma ku gwada a hutun nan, da koyo akan iya.