Albashin Malami da Makin Ɗalibi

Tun 2017, da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi cikin kusan 33,000, ake ta jin magana ɗaya a zaure da rediyo: a daina biyan kowa daidai, wanda ɗalibansa suka ci jarrabawa a ƙara masa, wanda nasa suka faɗi a rage. Maganar tana da daɗi a baki, amma makin yaro ba gumin malami kaɗai ba ne.

Manomi biyu ne, ɗaya a fadama, ɗaya a jigawa. In ka ƙirga buhuna kawai, kullum na fadama ne gwani, ko da rabin damina ya yi yana barci. Malamar da ke da yara talatin, sun karya kumallo, iyayensu na duba littafi, ba a kan awo ɗaya take da malamin da ke fama da yara ɗari a ƙasa ba, rabinsu daga talla suka zo, wasu sai an gama girbi ake ganinsu.

Amurka ta riga mu gwadawa. A birnin Atlanta an ɗaura ladan kuɗi da tsoron kora a kan makin ɗalibai. Maki ya yi ta hawa, har aka ba shugabar makarantun, Beverly Hall, lambar yabo ta ƙasa a 2009. Binciken 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 suna da hannu a maguɗi, wasu suna goge amsar yara suna rubuta ta daidai. A 2015 kotu ta kama 11 da laifi. Mu da muka san yadda satar amsa take lokacin WAEC da NECO, wa zai ce nan za ta fi tsabta?

A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa abin ya yi aiki, domin an auna inda yaro ya fara da inda ya kai, 'yan waje ne suka shirya jarrabawar, ladan kuma ƙari ne a kan albashi. Wannan sai da sahihin rajistar ɗalibai da masu sa ido da ke zuwa ƙauye da gaske. Ƙaramar hukumar da malamanta ke jiran albashi har tsakiyar wata, wasu na bin ariyas ɗin ƙarin girma shekara da shekaru, ta fara biyan bashin nan tukuna kafin ta ɗauko sikeli.