Ko Kun Sani? Ɗinkin Tiyata Ba da Allura Ba

Ko kun san likitocin tiyata na ɗinke tumbi da hanji da 'yan ƙananan ƙarafa, kwatankwacin yadda masu shagon buga takardu ke maƙale takardu da sitefula?

Wani likita ɗan ƙasar Hungari, Hümér Hültl, ya fito da irin wannan na'ura a 1908, tare da maƙerin kayan asibiti Victor Fischer. Jibgegiya ce: nauyinta ya haura kilo 3, kuma sai an kwashe kusan awa 2 ana haɗa ta ana ɗura mata ƙarafan. A 1921 wani likitan, Aladár Petz, ya gabatar da wadda ba ta kai ta nauyi ba.

Hikimar tana ga siffar ƙarfen. Da an matsa, ƙafafunsa biyu sai su huda naman, su daki wani faranti mai 'yan ramuka, su lanƙwaso su zama kamar harafin B. Wannan siffa na riƙe naman gam ba tare da ta shaƙe ƙananan hanyoyin jini ba, shi ya sa wurin ke samun jini ya warke. Ana jera ƙarafan layi-layi, na wannan layi na toshe giɓin na wancan, don kada a samu yoyo. Wasu na'urorin har da wuƙar da ke yanka tsakanin layukan.

Akasarin ƙarafan da ake bari a cikin jiki yanzu na taitaniyom ne, ƙarfen da ba ya tsatsa. Na kan fata kuwa a asibiti ake cire su da ɗan hantsaki na musamman. Kada ku kuskura ku ɓalle su a gida.